Gobarar Hunturu da Ƙananan Hukumomi: Ina Waya Ta Shigo, Ina Ta Tsaya?

Daga watan Nuwamba, da zarar an kawar da amfanin gona, ƙasar Hausa takan shiga watanninta mafi haɗari ta fuskar wuta. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe ƙayau, iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas ta zuƙe ɗan sauran danshin da ke jikin kara da itace. A daidai wannan lokaci ne dukiyar talaka take zube a fili: damman gero da dawa suna jiran amalanke, harawa a kan rumfa, shinkafa a masussuka, rumbuna a cike a bayan gari. A lokacin ne kuma jama'a suka fi hura wuta a waje. Ga masu jin ɗumi a bakin tasha, ga mai tsire da tukubarsa, ga almajirai da wutar karatun dare, ga mai ƙona bola don ta dame shi a ƙofar gida.

Duk shekara a kan ji labarin gonar da ta ƙone ko rugar da ta tashi, a yi jaje, a ce Allah Ya mayar da alheri. Addu'a ce mai kyau, kuma ita ce ta dace da musulmi. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba bayan an watse: wace hukuma ce ya kamata ta zauna tun kafin hunturu ta yanke shawarar inda za a kunna wuta, da inda ba za a kunna ba, da wanda za a kira idan ta ƙwace? Yanzu kuma da ake ta maganar mayar da ayyukan gwamnati kan waya da intanet, wata tambayar ta biyo baya: shin waɗannan na'urori za su cike gurbin da ake da shi?

Abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Kano kaɗai tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun majalisu ne za su tafiyar da su, Jadawali na Huɗu kuma ya jera ayyukansu. Wanda ya duba jerin nan ba zai ga aikin kashe gobara a ciki ba. Wannan yana hannun hukumar kashe gobara ta tarayya da na jihohi, kuma galibin motocin kwana-kwana suna manyan birane ne. Saboda haka shugaban ƙaramar hukuma yana iya ɗaga kafaɗa ya ce wuta ba huruminsa ba ce.

Amma a sake duba jerin da kyau. Kwashe shara aikin ƙaramar hukuma ne. Kafa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da kula da su nata ne. Gyara tituna da magudanan ruwa da filayen jama'a nata ne. Sa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba nata ne. Tana kuma da hannu a bunƙasa aikin gona da albarkatun ƙasa. Idan aka tattara waɗannan, za a ga kusan duk abin da ke ciyar da wuta, da duk abin da ke hana mai kashe ta isa wurin, yana ƙarƙashin ikonta. Bolar da ba a kwashe ba ita ake cinna wa wuta. Layin kasuwar da aka cike da rumfuna shi ke hana motar ruwa shiga. Unguwar da ba ta da sunan titi ita ce wadda direban kwana-kwana ke yawo yana tambayar hanya alhali gida yana ci. Motar kashe gobara ta jiha ce, amma rigakafin na ƙaramar hukuma ne, kuma a harkar wuta rigakafin shi ne kaso mafi tsoka na aikin.

Akwai kuma dokar tarayya. A 2011 aka fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji da ƙone-ƙone a fili, ƙarƙashin hukumar kula da ingancin muhalli ta NESREA wadda aka kafa a 2007. Ƙa'idojin sun hana cinna wa daji wuta ba tare da izini ba. Sai dai manomin da ke ƙauye mai nisan tafiyar awa biyu daga babban birnin jiharsa ba shi da ofishin da zai je neman wannan izini, kuma ba a taɓa karanta masa dokar da harshensa ba. Dokar da aka rubuta a Abuja ba ta da ƙafar da za ta taka har bakin gona sai ta bi ta hannun kansila da dagaci da mai unguwa.

An daɗe ana cewa ƙananan hukumomi ba su da kuɗin yin komai, domin asusun haɗin gwiwa da jihohi ya shaƙe su, gwamnoni kuma suna naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓu. Wannan koke gaskiya ne. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce kwamitocin riƙo ba su da gurbi a tsarin mulki. Aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, amma ya riga ya rage ƙarfin uzurin. Kuma yawancin abin da rigakafin gobara ke buƙata ba kuɗi mai yawa ba ne. Zama ne da yanke shawara da bibiya.

Waye ke kunna wutar, kuma don me?

Majalisar da za ta yi doka a kan wuta dole ta fara fahimtar dalilin masu kunna ta, domin mafi yawansu ba mahaukata ba ne, ba kuma maƙetata ba. Manomi yana ƙona sassabe da ragowar kara don ya rage wahalar sharar gona, ya kuma kashe ƙwari da irin ciyawa. Makiyayi yana ƙona busasshiyar ciyawa a wuraren da ke da sauran laima don sabon tsiro ya fito wa shanu. Mafarauci yana sa wuta don ya koro gafiya da zomo da burgu. Mai cin zuma yana buƙatar hayaƙi. Mai gawayi yana barin ramin da bai gama mutuwa ba. Kowannensu yana da hujjar da ta shafi abincinsa, kuma dokar da ta ce masa kawai "an hana" za ta mayar da shi mai kunna wuta da dare a ɓoye, wanda ya fi haɗari.

Duk da haka akwai asarar da ya kamata a faɗa wa manomi ƙarara. Tokar da ta rage tana ɗan ƙara wa ƙasa sinadarin fotash, amma wuta tana kore sinadarin naitirojin zuwa sama, wato ainihin abin da yake sayen buhun yuriya da tsada don ya mayar. Tana cinye ganye da karan da za su ruɓe su zama taki, ta bar ƙasa tsirara ga iska da ruwan farko. Tana kashe ƙananan bishiyoyin gawo da kanya da ɗorawa tun ba su kai ko'ina ba. A wurin makiyayi kuwa, wuta ɗaya a watan Janairu tana iya cinye abincin dabbobi na wata huɗu, ta tilasta masa tashi da wuri zuwa kudu ko faɗawa gonakin rani. Da yawa daga rigingimun manoma da makiyaya da toka suke farawa.

Masana gandun daji sun daɗe da sanin cewa lokacin ƙuna ya fi ƙunar kanta muhimmanci. Wutar da aka sa a farkon rani, ciyawa da sauran ɗanyenta, da sassafe ko da yamma lis iska ta kwanta, takan tafi a hankali ta mutu da kanta, har ma ta rage abin da wutar baya za ta ci. Wadda aka sa a Fabrairu ko Maris da tsakar rana ita ce ke hawa bishiya ta tsallake hanya. Wannan ilimi shi ya kamata ya zama ƙashin bayan dokar ƙaramar hukuma: a tsayar da makonnin da aka yarda a yi ƙuna, da sa'o'in yini, da sharaɗin a share gefen gona a sanar da maƙwabta, sannan a rufe ƙofa gaba ɗaya idan rani ya yi nisa.

Irin wannan doka ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a kashe wuta kafin a kwanta barci. Malaman fiƙihun Malikiyya kuma sun yi bayanin cewa wanda ya hura wuta a ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi, ta tsallaka ta ci dukiyar wani, to biya ya hau kansa. Kansilan da ya shiga masallacin Juma'a da wannan magana ba zai sha wahalar gamsar da jama'a ba.

Yadda wasu suka yi

Ghana ta ɗanɗana kuɗarta a 1983, lokacin da fari da gobarar daji suka haɗu suka cinye gonakin abinci da na koko, yunwa ta biyo baya. Daga cikin abin da ya fito daga wannan masifa akwai dokar hana gobarar daji ta 1990, wadda ta wajabta wa kowace majalisar gunduma kafa ƙaramin kwamiti na musamman kan wutar daji, ta kuma tanadi rundunonin 'yan sa-kai a garuruwa da ƙauyuka, waɗanda hukumar kashe gobara ke horarwa. Har yau arewacin Ghana yana ƙonewa duk rani, kuma 'yan sa-kan suna kukan rashin kayan aiki. Amma dokar ta amsa tambayar farko: ta ambaci wanda alhakin ke wuyansa a matakin gunduma, ta yadda idan an gaza an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

A Jamhuriyar Nijar, matsalar ta fi tsanani a yankin makiyaya, wajen Abalak da Cintabaraden da Barmo da Tanut. Abin takaicin shi ne shekarar da damina ta yi kyau ita ce shekarar da wuta ta fi ɓarna, domin ciyawa ta yi yawa. Maganin da aka daɗe ana yi a can shi ne share dogayen layuka masu faɗi a cikin makiyaya da zarar damina ta ƙare, a cire ciyawar tsaf ta yadda wuta in ta iso ba ta samun abin kamawa. Sau da yawa mutanen yankin ake biya su yi aikin, su samu na cefane, su kuma tara ciyawar da suka cire. Aiki ne na fartanya da manjagara, kuma amfaninsa duka yana ga yin sa a kan kari. Layin da aka share a Oktoba ya tsare makiyaya, wanda aka bari sai Janairu ihu ne bayan hari.

Ko a Ingila, inda kayan aiki ba su yi ƙaranci ba, ƙananan hukumomi ne suka ɗauki matakin. Bayan gobarar da ta ci tsaunukan Saddleworth kusa da Manchester a 2018, majalisun Oldham da Tameside sun yi amfani da wata dokar 2014 suka hana hura wuta da gashin nama a waɗannan filaye. Abin koyi a nan shi ne sharuɗɗan da dokar ta gindaya wa majalisa: sai ta tuntuɓi jama'a kafin ta zartar, sai ta fayyace iyakar wurin da hanin ya shafa, kuma umarnin ba ya wuce shekara uku sai an sake duba shi. Hani mai iyaka, wanda aka yi shawara kafin a kafa shi, ya fi samun biyayya.

Abin da na'ura za ta iya

Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, babu abin da ya sauya saurin labari a karkara kamarta. A harkar gobara, inda mintoci goma na farko ke raba ƙaramar asara da babba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai lambar gaggawa ta 112 da hukumar sadarwa ta ƙasa ta samar, kyauta ce daga kowane layi. A Nijar lambar 'yan kwana-kwana 18 ce. Saƙon murya na WhatsApp ya dace da jama'ar da da yawansu ba sa karanta boko, kuma dagaci ɗaya yana iya sanar da masu unguwanninsa duka cikin minti guda cewa gobe iska za ta yi ƙarfi, kada kowa ya sa wuta.

Daga sama ma ana gani. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana da wani tsari mai suna FIRMS da ke nuna wuraren da wuta ke ci a duniya, daga hotunan taurarin ɗan'adam, cikin kimanin awa uku da ɗaukar hoton. Kyauta ne, kuma kowa yana iya neman a riƙa aiko masa da sanarwa game da yankinsa. Irin waɗannan hotuna ne suka nuna cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na filin da ke ƙonewa a duniya duk shekara a Afirka yake. Ma'aikaci ɗaya a sashen gona na ƙaramar hukuma, da kwamfuta ɗaya, yana iya tara bayanan shekaru goma ya gano dazuzzuka da fadamun da wuta ta saba tashi, da makonnin da ta fi tashi. Wannan taswira ita za ta gaya wa majalisa inda za a share layin tare wuta, maimakon a yi ta lalube.

Na'ura tana kuma taimakawa wajen riƙon amana. Idan majalisa ta ware kuɗin share layuka ko gyara rijiyar burtsatse ta kasuwa, ta wallafa adadin da sunan mazaɓar a shafinta, matasan garin za su je su duba ko an yi. Idan aka rubuta kowace gobara a rajista, da ranarta da sanadinta da abin da ta ci, rabon tallafi zai daina zama na wanda ya san wani.

Inda na'ura ta tsaya

Sai dai a yi hattara da ɗoki. Tauraron ɗan'adam yana wucewa ne sau ƙalilan a yini, ba ya ganin ƙaramar wuta, kuma ƙura mai kauri tana iya rage masa gani. Sanarwar da ta iso bayan awa uku ta isa a tsara aikin baɗi, amma ba ta ceci rumbun yau ba. Wanda zai fara ganin hayaƙi har gobe shi ne yaron da ke kiwo.

Sabis ma ba abin dogaro ba ne a ko'ina. Ƙauyukan da wutar daji ta fi shafa su ne waɗanda sai an hau tudu ake samun layi. A watan Satumbar 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka faɗaɗa rufewar zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka yi makonni ba sa iya kiran kowa. Duk tsarin da aka gina a kan waya kaɗai ya mutu a irin wannan rana. Shi ya sa rediyo da lasifikar masallaci da mai shela ba za su yi ritaya ba.

Akwai kuma batun wanda ake bari a baya. Idan aka ce izinin ƙuna sai ta manhaja, an cire dattijon da ke riƙe da ƙaramar waya, an cire matar da ke dafa abincin sayarwa a bakin kasuwa, an cire Bafulatanin da ke ruga. Idan aka ce jin ra'ayin jama'a a Facebook za a yi, za a ji muryar ɗan birni mai data, a rasa ta mutanen da wutar ke ci. Duk hidimar da aka ɗora a intanet ya kamata a bar mata ƙofa ta biyu a gidan mai unguwa.

Babbar matsalar ita ce abin da ke ɗaya gefen layin. Kiran gaggawa yana da amfani ne idan akwai mai ɗauka, akwai mota mai mai, akwai ruwa a tankinta, akwai hanyar da za ta bi. Mutumin da ya kira sau biyu ba a zo ba, ba zai kira na uku ba. Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, a Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi ta kama da wuta ta hallaka mutum fiye da 150, ya nuna wani gefen lamarin: labari yana saurin tara jama'a a wurin haɗari, kuma idan babu wanda aka horar ya kuma ba shi ikon korar mutane nesa, saurin labarin kansa yana ƙara yawan waɗanda abin zai rutsa da su. Manhaja ba ta tsayawa a bakin titi ta tare taro.

Shawarar da ya kamata a yanke, da lokacinta

Abin da ake nema daga majalisar ƙaramar hukuma bai fi ƙarfinta ba. Ta sa batun wuta a ajandarta a watan Satumba, tun hatsi yana tsaye, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ta gayyaci hakimi da dagatai, da sarkin noma da arɗo da shugaban mafarauta, da shugabannin kasuwa da na tasha, da wakilan mata masu sana'ar abinci, da jami'in kashe gobara na jiha, a yi zaman a buɗe. A fito da doka gajera da Hausa, da Fulatanci ko Kanuri inda ake buƙata, a boko da ajami, wadda ta faɗi lokacin ƙuna da sharuɗɗanta da tarar wanda ya saɓa da hanyar biyan wanda aka yi wa ɓarna. A naɗa mutum sananne a kowace mazaɓa wanda shi ake kira, a horar da matasan sa-kai, a ba su kayan aiki. A share layuka a kewayen rumbuna da makiyaya ta hanyar gayya ko biyan lada. A kwashe bola kafin wani ya ƙone ta. Bayan an yi waɗannan, sai a kawo waya da taswirar tauraro su ƙara wa aikin sauri da gaskiya.

Jerin yana da muhimmanci, domin an saba farawa daga ƙarshe. Ƙaddamar da manhaja yana da daɗin biki da ɗaukar hoto, share layi a daji kuwa ba mai gani sai ranar da wuta ta zo ta tsaya. Shugaban da ya fi son a yaba masa zai zaɓi na farko. Hakkin jama'a ne su tura shi ga na biyu, kuma hanyar a buɗe take, tunda kansila maƙwabci ne, ana haɗuwa da shi a masallaci da wurin ɗaurin aure. A tambaye shi tun kafin kaka: ranka ya daɗe, yaushe majalisa za ta zauna kan batun wuta, nawa aka ware, kuma wa za mu kira a mazaɓarmu? Kansilan da ya san za a yi masa wannan tambaya duk shekara, a kuma tuna da amsarsa ranar zaɓe, zai tabbatar an yi zaman.